Fuskar da Muka Goge

Mubarak, ajiye wayar nan tukuna. Na ga abin da ka nuna mini. Ka ɗauko tsohon hoton kakanka da ya dushe, ka danna wuri ɗaya, ya fito tas kamar jiya aka ɗauke shi. Ka ce in haka ne, aikin da na shafe shekaru ina yi a unguwar Najma yanzu kowa zai iya yin sa yana cin shawarma. Sauran 'yan ɗakinku sun yi dariya, kuma ban ji haushi ba. Amma tunda kun gayyace ni shinkafar Juma'a har nan unguwar Bin Omran, kuma da sauran lokaci kafin la'asar, bari in gaya muku yadda sana'ar take.

Aikina shi ne mayar da tsofaffin finafinai kan faifai, na Misira da na Indiya, waɗanda aka yi tun kafin a haifi iyayenku. A Kano na fara, ina haska majigi a wani gidan sinima marar rufi. A can na san cewa fim abu ne mai jiki. Yana tsinkewa, yana ƙonewa in ya tsaya gaban fitila, yana kwasar datti daga hannun duk wanda ya taɓa shi. Da kaset ya kashe sinima, wani ɗan Labanan da ke kawo mana finafinai ya haɗa ni da wani Balarabe a nan Doha, shi ya zama kafil ɗina, wato ubangidan da ya tsaya mini na samu izinin zama da aiki. Shagonsa na tsakanin gidan canjin kuɗi da wani gidan abincin Indiyawa 'yan Kerala. A ƙasa ake sayar da faifai. A sama akwai ɗaki biyu marasa taga, esi na sanyaya su dare da rana, ba don mu ba, don gwangwanayen fim.

Wanda ya koya mini aikin wani tsohon Bamisire ne, Ustaz Munir, wanda ya yi ƙuruciyarsa a ɗakin wanke fim a Alƙahira. Ranar farko bai bari na taɓa kwamfuta ba. Ya turo mini gwangwani ya ce in buɗe in shinshina.

"Me ka ji, ya Abubakar?"

"Ƙarfe da ƙura."

Ya turo wani. Na buɗe, na ji wani tsami ya daki hancina.

"Kamar ruwan khal," na ce.

"Wannan ya fara mutuwa. Fitar da shi daga cikin sauran, cutar tana yaɗuwa. Zafi da laima ne ke kawo ta, kuma in ta kama ba ta da magani. Sai dai ka yi sauri ka kwashe hoton kafin ta gama."

Wata shida na yi ba na komai sai shinshina gwangwani, da warware fim, da naɗe shi. Kayan aikin ba su da yawa. Farar safar hannu ta auduga, ba ta roba ba. Tebur mai fitila a ƙarƙashin gilashi, da mariƙi biyu da ake juyawa da hannu. Madubin ido ɗaya irin na masu gyaran agogo. Tsumma mai laushi da wani ruwan wanki da ke hawa kai in ka daɗe a kansa. Sai abin haɗa fim da salatif ɗinsa, don gyara hujojin gefe da tsofaffin majigi suka yayyaga. Huji ɗaya in ka tsallake, sikana, na'urar da ke kwashe hoton zuwa kwamfuta, za ta kama wurin ta tsarge fim ɗin kamar tsohon zane. Bayan wannan duka ne ake ɗora shi a sikanar, ta ɗauki kowane hoto ɗaya bayan ɗaya. A daƙiƙa guda akwai hoto ashirin da huɗu. Ku da kuke karatun injiniya ku lissafa na fim mai awa uku. Kowanne sai ido ya bi ta kansa.

Aikin farko da aka sakar mini ni kaɗai wani fim ne na Misira, baƙi da fari, labarin direban jirgin ƙasa. Lokacin an kawo mana sabuwar manhaja mai cire datti da kanta. Takan duba hoto, ta duba na gabansa da na bayansa, duk abin da ta gani a ɗaya babu a sauran sai ta ce datti ne ta share. Na sakar mata fim ɗin na sauka cin abinci. Cikin kwana biyu na gama abin da kan ci wata biyu, na kira Ustaz ina taƙama. Ya zauna yana kallo har aka zo inda matar direban ta biyo shi tasha ana ruwan sama. Ga mutane suna gudu da lema, ga matar ta jiƙe sharkaf tana share fuska, amma babu ɗigo ko ɗaya da ke saukowa. Manhajar ta ɗauka ruwan karce ne a jikin fim, ta kwashe shi duka.

"Ina ruwan?" in ji Ustaz.

"Na'urar ce ta cire."

"Mutanen nan sun yini a ƙarƙashin mesar feshi don a samu ruwan nan. Kai ka shanye shi kana cin biriyani. Yalla, koma daga farko."

Wata biyu da rabi na yi a kansa, da hannu.

Akwai kuma abin da ni nake kira tsaki. In ka matso kusa da tsohon fim za ka ga ƙananan ƙwayoyi suna motsi a cikin hoton. Wanda bai sani ba sai ya ce datti ne. Ba datti ba ne, da su aka gina hoton. Gashin gira, ramukan fata, zufa a goshi, saƙar tufa, duk a cikin tsakin nan suke zaune. In ka goge shi, da su za ka goge. Abin da wayarka ta yi wa kakanka ke nan, Mubarak. Ta share abin da ke nan, ta zana abin da take zato. Ka kai wa kakarka ka ji ko za ta ce mijinta ne.

Masu saye kuwa iri-iri ne. Wani ya dawo da faifai yana faɗa, wai ya sayi talabijin mai faɗi mu kuma mun ba shi hoto a tsakiya da baƙi hagu da dama. Ka yi ta bayani cewa a haka aka ɗauki fim ɗin, kusan murabba'i, ba zai ji ba. Wata ta ce ƙwari na yawo a allon, tsakin take nufi. Amma akwai 'yan kaɗan da ake aikin dominsu. Wani malamin makaranta ɗan Sudan yakan zo da faifan da ya saya a wani shagon, ya sa mu kunna tare da namu, ya tsayar da hoto ya ce, "Duba bayan ƙofar nan. A naku akwai mutum a tsaye cikin inuwa. A nasu baƙi ne kawai." Irinsa in ya ce aikinka ya yi, to ya yi.

Babban aikin da muka taɓa samu wani fim ne na Indiya, baƙi da fari, labarin 'yar maginin tukwane da wani mai fito da kwale-kwale. Gwangwani goma sha ɗaya ne, an same su a ɗakin majigin wani gidan sinima da aka rufe a nan yankin. Waɗanda suka sayar wa kafil ɗina izinin bugawa sun ce asalin da ke Indiya ya lalace tun tuni, abin da ya rage musu tsohon kaset ne mai hazo. Wato namu ne kaɗai mai kyau da aka sani. Ustaz ya ɗaga naɗi na uku a gaban fitila, ya daɗe da madubi a ido, sannan ya miƙo mini. Yarinyar ce zaune a bakin kogi, haske ya biyo ta gefen fuskarta, kana iya ƙirga zaren aikin da ke wuyan rigarta. Wata bakwai muka yi. Ni ina cire karce da tabon ruwa, shi yana daidaita haske wuri bayan wuri, don baƙi ya zama baƙi ba tare da ya haɗiye abin da ke cikinsa ba. Ɗanyen hoton da sikana ta ɗauka da wanda muka gyara duk muka adana su a manyan ma'adanan kwamfuta guda huɗu.

Saura kaɗan a buga shi shekarar ta juya mana. Kafil ɗina ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɗansa Fahad ya karɓi shago. Ba mugun yaro ba ne, kasuwanci ya karanta, kuma abin da ya gani gaskiya ne: mutane sun daina sayen faifai, kowa a waya yake kallo. Sai ya kawo aikin bidiyon biki, ya ce yana bukatar ɗakunan sama. Gwangwanayen fim duka, namu da na sauran finafinai, za a kai su wani sito da ya kama a Al Wukair.

"Rufin kwano ne?" in ji Ustaz.

"Akwai esi, Ustaz."

"Wa zai riƙa dubawa?"

"Akwai mai gadi."

Ustaz ya yi ta magana har muryarsa ta dushe. Ya je har gida wurin mahaifin Fahad, amma ciwon ya hana shi mayar da magana. Da iƙamar Ustaz, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare, Fahad bai sabunta ba. "Khalas, ya isa haka, Ustaz, ka yi aiki, ka je ka huta," ya ce masa, har da sumbatar kansa. Ni na raka shi filin jirgi. Madubinsa na duba fim ya bar mini. Bai cika shekara a Alƙahira ba aka aiko mini ya rasu.

Bayan tafiyarsa da mako guda Fahad ya hau sama ya ce in nuna masa fim ɗin Indiyan. Ya kalli minti biyar a tsaye.

"Me ya sa hoton yake motsi kamar tururuwa?"

Na yi masa bayanin tsaki.

"Mutane za su ce tsoho ne. Goge shi. Kuma baƙin nan na gefe, cire shi, hoto ya cika allo."

Na ce in ya cika allo sai an yanke sama da ƙasa. Ya ce a yanke. Na ce aikin wata bakwai ne. Ya ce shi ya sa yake so ya sayu. Takarduna a hannunsa suke, ina da 'ya'ya huɗu a makaranta a gida. Na zauna na yi.

Kwana uku ya ɗauke ni. Na ja ma'aunin gogewa har ƙarshe, fuskoki suka koma sumul kamar an ƙera su da kyandir. Tsohon magini ya rasa tamojin goshinsa. Na yanke sama, kan mai kwale-kwale ya tafi duk inda ya miƙe tsaye. Na yanke ƙasa, a wurin rawa babu ƙafafu, sai ƙarar ƙararrawar sawu kake ji ba ka ganin inda take fitowa. Fahad ya ce duhu ya yi yawa, na ɗaga haske, baƙin da Ustaz ya daidaita ya koma toka-toka. A bayan kwali aka rubuta da Larabci da Turanci cewa an gyara shi daga asali. Da lokacin bukukuwa ya zo, wuri ya ƙare a kwamfuta, sai Fahad ya ce a share ma'adanan nan huɗu a zuba bidiyon amare. Ni na danna da hannuna. Na ce a raina ai gwangwanayen suna nan, wata rana za a sake.

Cikin tsakiyar zafin shekarar wata mata ta shigo shago ta gaishe ni da Hausa. Dakta Hauwa, likita ce 'yar Katsina da ke aiki a wani asibiti a nan. Ta ce ta kawo mahaifinta jinyar ƙoda, kwana uku a mako ana wanke masa jini, sauran kwanakin yana zaune a gida shiru. Akwai wani fim da yake yawan ambata, bai riƙe sunansa ba, sai labarin. Tana fara faɗar 'yar magini na ɗauko faifan na ba ta. Ban gaya mata abin da na yi wa fim ɗin ba.

Bayan kwana biyu ta kira ni. "Malam Habu, don Allah in kana da sarari ka zo. Baba yana son ganinka."

Na same shi a falo, an ja masa kujera dab da talabijin. Alhaji Isyaku, dogon tsoho da ciwo ya rame, hular kansa ta yi masa yawa. Bayan mun gaisa ya ce shi tela ne, shekara arba'in yana ɗinki a Fagge. Fim ɗin nan sau bakwai ya kalle shi yana saurayi, kuma ba don labarin kaɗai ba.

"Akwai inda take zaune a bakin ruwa," ya ce. "Wuyan rigarta akwai wani aiki, ganye-ganye ne da ɗan zagaye a tsakani. Na riƙa shiga da fensir da takardar siminti ina zanawa, kowane shiga in samu kaɗan. Da aikin nan na yi suna. Amare har daga Gusau ake kawo mini ɗinkinsu. Rigar auren uwar wannan ma shi na sa mata." Ya nuna Dakta da haɓa. "Hauwa, kai mu wurin."

Ta kai fim ɗin wurin ta tsayar. Ga yarinya a bakin kogi, fuska kamar ta 'yar tsana, wuyan riga fari fat, babu ko layi.

"Na ɗauka idona ne," in ji Alhaji. "Na sa ta duba, ita ma ba ta gani ba. To ko ni ne na ƙirƙira a kaina? Tsufa yakan yi haka."

"Ba ka ƙirƙira ba, Alhaji. Aikin yana nan. Na gan shi da idona, ganye bakwai ne kowane gefe."

"Bakwai," ya ce. "Haka ne. To ina ya tafi?"

"Ni na goge shi."

Ya dube ni, bai tambayi dalili ba. Na ce masa asalin fim ɗin yana sito, kuma sikana tana nan ba a sayar ba. Ko naɗi na uku kaɗai zan ɗauko in kwashe masa wurin nan yadda yake. Ya ce Allah ya ba da iko.

Ranar Juma'a da safe na karɓi mukulli na shiga mota zuwa Al Wukair. Siton na can bayan sababbin gidaje, inda kwalta ta ƙare. Mai gadin ya ce esi ya tsaya tun farkon zafi, ya faɗa sau biyu ba a turo kowa ba. Tun kafin in gama murɗa kwaɗo na ji warin. Da ƙofa ta buɗe sai da na ja da baya, ido na hawaye, tsamin khal ya cika wurin kamar an fasa ganga. Na ɗaura hankici a hanci na shiga. Ba ka iya riƙe gwangwani da hannu don zafi, sai da na naɗe shi da rigata.

Na fito da goma sha ɗayan inuwar katanga na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya manne ya zama dunƙule guda. Na biyu ya yi farin gari a sama kamar gishiri, gefensa ya kanannaɗe. Na uku na sa safar hannu na lallaɓa bakinsa, ya yarda ya warware kamar kamu ɗaya. Na ɗaga shi a rana. Hoton ya tattare ya tsattsage kamar busasshiyar laka, kuma inda babban yatsana ya taɓa ya biyo safar, baƙi, ya bar leda fara. Na ci gaba da buɗe sauran duk da na san abin da zan gani. Ban ƙirga na sauran finafinan da ke ciki ba. Layi-layi suke har rufi, kuma warin daga ko'ina yake fitowa.

Na gaya wa Fahad washegari. Ya ce wallahi ya manta da maganar esin, sannan ya tambaya ko baladiyya, wato hukumar gari, za ta kwashe su ko sai an nemi mota. Kafin shekara ta zagayo ya sayar da sikanar. Ƙasan shagon yanzu rigunan waya ake sayarwa, ni kuma ina sama ina yanka bidiyon biki. Faifan da na lalata shi ne wani ya ɗora a intanet, shi kowa yake kallo, har ana yabon yadda ya fito fes.

Sai da na yi kwana huɗu kafin na koma gidan Dakta. Ranar an wanke wa Alhaji jini, yana kwance a doguwar kujera an lulluɓe shi da bargo. Na zauna a ƙasa kusa da kansa na faɗa masa abin da na tarar, ban rage komai ba. Dakta na tsaye a bakin ƙofa.

"Babu wani a wani wuri?" ta ce.

"In akwai, ban san shi ba, Dakta."

Alhaji ya daɗe idonsa a rufe, har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can ya ce a ba shi biro da takarda. Dakta ta miƙa masa takardar rubuta magani. Ya ɗora ta a kan bargo ya fara zana ganyen. Layin ya ƙi tafiya inda yake so. Ya yi na farko, ya yi rabin na biyu, biron ya zame ya faɗi. Na ɗauka zan mayar masa, ya girgiza kai.

"Hauwa, ciro faifan nan."

Ta ciro ta sa a kwalinsa. Ya karɓa ya miƙo mini.

"Tafi da shi, Malam Habu. Ba don fushi ba. Jikokina suna zuwa hutu. Kada su kalla su ɗauka wannan ne muke bin layi a kansa."

Na karɓa. Na yi masa fatan samun sauƙi, ya amsa, ya juya fuskarsa wajen bango.